Rigar ruwan da za ta jure daminar Legas: amsa ga mai kai saƙo a babur

"Assalamu alaikum Alhaji. Ni mai kai saƙo ne a babur, ina zaune a Idi-Araba, aiki kuma yana kai ni Ikeja da Lekki har Ajah. A damina biyu na kashe rigunan ruwa uku. Ta farko wandonta ya yage a tsakanin ƙafa tun ba ta yi wata ba. Ta biyu cikinta ya riƙa ɓarewa yana zuba min farin gari a jiki. Ta ukun ce ta ɗaure min kai: ba ta da huji ko ɗaya, amma in na cire ta sai in tarar da rigata ta ciki sharkaf. Wani abokin aikina ya ce in tara kuɗi in nemi rigar ruwa mai yadin Gore-Tex a gwanjo, wai ita ba ta yoyo kuma ba ta sa gumi. Don Allah wace iri zan saya wadda za ta daɗe, kuma yaya zan gane ta kirki kafin in miƙa kuɗina?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa nema albarka. In na fahimce ka, riga kake nema wadda za ta tare ruwa, ta jure hawa da saukar babur, sannan ba za ta dafa ka a ciki ba. Gara in gaya maka tun yanzu, ukun nan ba sa cika haɗuwa cif a riga ɗaya a garin nan. Dole ka zaɓi biyun da aikinka ya fi buƙata, na ukun ka nemi dabarar rage shi.

Sana'ata ɗinkin tampol da rumfa ce a Agege, ina gyaran rigunan ruwa, kuma in damina ta gabato nakan fasa dilar gwanjo ta kayan ma'aikata. Saboda haka matattun riguna sun bi ta hannuna fiye da sababbi. Abin da na lura da shi shi ne, a Legas ruwan sama ne mafi ƙarancin laifi wajen kashe rigar ruwa. Masu kashe ta su ne zafi da laima da gumi da allurar tela, sai yadda mai ita yake ajiye ta.

Ruwan Ikko daban, na gida daban

Mu da muka taso a arewa mun saba da hadari ya haɗu, a sheƙa ruwa na awa ɗaya ko biyu, a ɗauke, rana ta buɗe, kafin la'asar shanya ta bushe. Nan ba haka ba ne. Ruwan da ke sauka a Legas a shekara ya kusa ninka na Kano. Yana farawa tun Maris ko Afrilu, ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan lafa a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Yawansa ma bai kai laimar zama abin damuwa ba. A damina laimar iska takan haura kashi 80 cikin 100, ga ɗumi dare da rana. Rigar da ka rataye jiya da daddare, da safe za ka same ta da danshi, haka za ka sake zura ta. Wata shida ko bakwai yadin bai san bushewa ta sosai ba.

Kai kuma a kan babur kake. Mai tafiya a ƙasa ruwa ta sama yake zo masa, kai kuwa ta gaba yake dukanka da ƙarfin gudun da kake yi, yana laluben zif da wuya da bakin hannu. In ya ritsa da kai a gadar Third Mainland, kilomita kusan 12 ne babu inda za ka raɓe, iskar kan ruwa tana bugunka ta gefe, manyan motoci suna watso maka na ƙasa. Sannan a zaune kake a kan ruwan da ya taru a kujera, nauyinka yana matse shi cikin yadin wando. Rigar da aka ɗinka wa Bature mai zagaya unguwa a yayyafi ba a yi ta don wannan aikin ba.

Abin da ya kashe rigunanka uku

Ta farkon, daga yadda ka kwatanta, irin siririyar robar nan ce mai sheƙi da ake sayarwa a gosulo cikin 'yar jaka. Zallar PVC ce aka shimfiɗa, babu yadi a bayanta da zai riƙe ta. In aka bi irinta da keke, allura takan jera huji a layi ɗaya, kowane huji ƙofar ruwa ne, jerin nasu kuma hanyar yagewa ce da aka riga aka shata. Tsakanin ƙafa nan ne ɗinki huɗu suke haɗuwa, nan ne kuma yake shan ja duk lokacin da ka ɗaga ƙafa za ka hau. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kai dai ba a gaya maka rariya ce ba. Matsalar ma tsohuwa ce. A 1823 wani mutumin Sikotilan, Charles Macintosh, ya manna roba tsakanin yadi biyu ya samar da yadin da ruwa ba ya ratsawa, amma da teloli suka ɗinka shi sai ruwa ya riƙa bi ta hujin allura, in zafi ya yi kuma robar ta yi danƙo. Abubuwa biyun nan su ne har yau suke kawo min aiki shago.

Hanya biyu ce ake toshe hujin allura. Ko dai kada a yi ɗinkin sam, a ɗora bakin yadi kan ɗan'uwansa a narke su da inji su zama abu ɗaya, irin haɗin tampol na manyan motoci. Ko kuma a ɗinka, sannan a bi bayan ɗinkin ta ciki da wani siririn tef da ake manna shi da zafi. Rigar da ba ta da ɗaya daga cikin biyun, komai kyan yadinta da sunan da aka buga a ƙirjinta, za ta yi yoyo.

Ta biyun nailan ce ko poliyesta da aka shafa wa wani siririn shafe a ciki, wanda ake rubuta PU a takardar wuyanta. Sabuwarta tana da daɗin sawa, ba nauyi, ba ƙarar roba. Sai dai shafen nan ba ya shiri da danshi mai ɗumi. A hankali danshin yake cinsa: ya fara danƙo, ya ɗauki wani wari mai tsami, daga nan ya soma ɓarewa, shi ne farin garin da ka gani. Gumi da man shafawa da turare suna ƙara masa sauri, shi ya sa ɓarewar take farawa daga wuya da kafaɗa. Abin da ya fi gama da ita shi ne a naɗe ta da jiƙonta a cusa a akwatin saƙo ko ƙarƙashin kujera, ta wuni tana turara kusa da zafin inji. In ta kai matakin gari babu telan da zai dawo da ita. Har sabuwa dal takan zo da cutar in ta daɗe a kwantena ko a sito mai zafi, don haka "sabuwa ce a leda" ba shaida ba ce.

Ta ukun kuwa kada ka yar da ita tukuna, domin ina kyautata zaton ba ta yoyo. Guminka ne. Jikin mutum kullum yana fitar da tururi, in ya rasa mafita sai ya taru a jikin roba ya koma ruwa, ya dawo wa rigarka. Ga yadda za ka raba gardama. Ka sa riga mai launin toka a ciki, don ita take saurin nuna jiƙa, ka zura rigar ruwan ka rufe ko'ina, ka tsaya cak a tsakar gida da sanyin safiya, wani ya riƙa kwarara maka ruwa da buta ta kafaɗa da baya da kan zif na 'yan mintuna. Ka cire ka duba. Yoyo tabo yake yi a wuri takamaimai, a bin layin ɗinki ko ƙasan zif ko bakin aljihu. In ka fito a bushe, to abin da ke jiƙa ka a hanya daga cikinka yake fitowa, kuma za ka lura shi gadon baya da hamata da cikin gwiwar hannu yake kamawa gaba ɗaya.

Maganar Gore-Tex

Abokinka bai yi ƙarya ba, rabin labarin ya ba ka. A 1969 wani Ba'amurke, Bob Gore, ya gano cewa in aka fizgi sinadarin PTFE da sauri, irin wanda ake shafa wa kaskon da abinci ba ya kamawa, yakan miƙe ya zama siririn fefe mai cike da ƙananan ƙofofi. A 1976 aka fara sayar da kayan da aka yi da shi, da sunan Gore-Tex. Kamfanin da ke yin sa ya ce kowace ƙofa ta fi ɗigon ruwa ƙanƙanta sau 20,000, amma ta fi ƙwayar tururi girma sau 700. Ruwa ba ya shiga, tururin gumi yana fita. Wajen tare ruwa kam ba ni da abin cewa, yana cikin na gaba.

Inda gizo ke saƙar shi ne fitar tururin. Tururi ba ya fita don ya ga ƙofa, sai in wajen ya fi cikin sanyi da bushewa. A Turai, inda ake ruwa cikin sanyi, jikinka da ɗumi, waje da sanyi, sai tururin ya yi ta ficewa da kansa. A Legas lokacin da ake ruwa iskar waje ta riga ta ƙoshi da laima, ga ta da ɗumi, bambancin ciki da waje kaɗan ne, fitar sai ta ragu ƙwarai. Ƙari a kan haka, a fuskar yadin ta waje akwai wani shafe da ke sa ruwa ya dunƙule ya gangare. In ya goge, kuma a gwanjo yawanci ya goge, yadin waje sai ya sha ruwa ya toshe hanyar. Za ka yi gumi a Gore-Tex a garin nan. Bai kai na roba ba, amma za ka yi.

Ka kuma duba aikinka. In kana gudu a kan titi ba wani ƙarfi kake sawa ba, iska ma tana sanyaya rigar. Gumin yana zuwa ne in ka maƙale a gosulon Ikorodu Road, ko ka ajiye babur ka hau bene hawa uku da kwali a hannu. A waɗannan wuraren abin da ke cetonka shi ne ka zuge zif iska ta shiga. Wato in ka zuba kuɗi mai yawa don yadi mai fitar da gumi, ka biya ne don abin da zai fi yi maka ƙarancin aiki. A wajena, a Legas, rigar da take da ƙofofin iska da aka rufa wa marfi ta fi mai tsadar yadi da aka rufe ruf.

Duk da haka in Allah ya haɗa ka da ta gaske mai lafiya a kuɗin da za ka iya, ka ɗauka, amma ka san irin wadda za ka ɗauka. Ka juya cikinta. In ka ga raga ko shafi yana reto daban da jikin rigar, mai hawa biyu ce: tana da nauyi, tana jinkirin bushewa, amma ragar tana kare shafen daga goga. In ka ga cikin sumul yake kamar an buga masa zane ko ɗige-ɗige, babu yadi a kai, ita ake kira biyu da rabi. Ta fi kowacce rashin nauyi, ta fi kowacce saurin mutuwa a nan, igiyar jakar goyo kaɗai ta ishe ta. In kuma ka ga siririn yadi a manne ɗam a ciki, ba ya motsi, mai hawa uku ke nan, ita ce mai ƙarko. Ka guji mai soso ko auduga a ciki ko da kyauta aka ba ka. Yawancin abin da ke fitowa a dila daga ƙasashen sanyi yake, na wasan ƙanƙara ne, in ka sa shi a Oshodi da rana sai an yi maka fifita.

Lambobin da ke jikin takarda

Ba dole ka haddace su ba, uku sun ishe ka. In ka ga lamba da mm a gabanta, kamar 5,000 ko 10,000 ko 20,000, awon jure matsin ruwa ne. Ana kafa bututu a kan yadin a yi ta ɗura ruwa har ya fara tsattsafowa ta ƙasa, sai a rubuta tsayin ruwan. 10,000 na nufin ya ɗauki ruwa mai tsayin mita goma. Ga mai babur, musamman a wando, kada ka sauka ƙasa da 10,000 in yadi ne mai shafe. Lamba mai D a gaba kaurin zare ce: 20D ko 30D na masu gudun nauyi ne, daga 70D zuwa sama ne na aiki, kayan ma'aikata ma sukan kai 150D ko 300D. Ta ukun ita ce EN 343, ma'aunin Turai na kayan aikin ruwan sama. Za ka ga hoton laimar tare ruwa da lambobi biyu a gefe, ta sama ta tare ruwa ce, ta ƙasa ta fitar da gumi. Da a 3 suke tsayawa, daga 2019 aka ƙara 4. Wannan hatimin na fi yarda da shi a gwanjo fiye da babban suna, domin masu jabu sunan da ake yayi suke kwaikwaya, ba su cika damuwa da rigar leburan titi ba. Su ma lambobin na ranar da rigar ta fito daga masana'anta ne, ba su ce komai a kan halin da take ciki yau ba.

Wadda zan saya da ni ne kai

Riga da wando daban-daban, na ma'aikata, irin wanda masunta da masu aikin titi da ma'aikatan tashar jiragen ruwa ta Apapa suke sawa. Yadin poliyesta mai kauri da aka lulluɓe da PVC ko PU mai kauri ta waje, haɗinsa na narkewa ne ba na allura ba. Mai PVC ya fi nauyi da ƙarko, ba ruwansa da laima, kuma yana karɓar faci. Mai PU mai kauri ya fi laushi da daɗin motsi, ya fi siririn shafen da ya ɓare maka daɗewa nesa ba kusa ba, amma shi ma yana da ranarsa. Ko wanne ka ɗauka ba ya fitar da gumi wani abin kirki, don haka sai ka nemi iska ta wajen ɗinki.

Ka duba bayanta, a tsakanin kafaɗu, ko akwai tsaga da aka rufa wa marfi daga sama, da 'yan ƙofofi ko zif a hamata. In kana gudu iska takan shiga ta hannu ta fice ta nan. Ka ɗauki wadda ta ɗan fi ka girma don iskar ta sami wurin zagayawa. Zif ya zama na roba mai manyan haƙora, irin na YKK in ka samu, domin na ƙarfe iskar teku tana sa shi tsatsa ya ƙi motsi. A kansa a sami marfi mai maɓalli, in biyu ne masu hawa kan juna ya fi, saboda zif shi ne gaban da ruwa yake fara duka. Wuya ya tashi har haɓa. Hular rigar ƙarƙashin hular kwano take shiga, in ba haka ba iska za ta cika ta tana jan kanka baya, ruwa kuma ya gangara ta ƙeya.

Kada ka gwada ta a tsaye kawai. Ka zauna a kan benci ka miƙa hannu biyu kamar ka riƙe kan babur. Hannun rigar ya rufe wuyan hannunka, bayanta ya sauka ya rufe ƙugun wando. Ka kuma gwada naɗe hannun har ya wuce gwiwar hannu. Masu yin rigar ba su san da alwala ba, kai ka sani, kuma wadda bakin hannunta roba ce matsattsiya sai ka tuɓe ta gaba ɗaya a bakin masallaci ana tsuga ruwa. Mai maɗauri da ake mannawa a ɓalle ta fi.

Wando shi ne rabin da ya fi muhimmanci ga mai babur, shi ne kuma mutane suka fi yi wa rowa. Ka nemi mai igiyar kafaɗa wanda ya hau har ƙirji, marar zif a gaba, marar tsagar aljihu. Ka buɗe tsakanin ƙafarsa ka gani da idonka, in an sa wani ƙyalle daban a wurin yadda haɗin bai taru a waje ɗaya ba, ka samu. Ƙafar wandon a kan takalmin roba take sauka, ba a cusa ta ciki, in ba haka ba ka mayar da takalminka bokiti. Gefen da ke kusa da salansa yana narkewa, nakan manna wa masu babur ƙyallen tampol a wurin tun wandon yana sabo. Wandon kirki yana da wani amfanin: ruwan kwata da motoci ke watsowa ba ya taɓa tufafin da za ka yi salla da su.

Abu biyu ba na sassauci a kansu. Launi ya zama ruwan ɗorawa ko ruwan lemo mai ɗamara mai walƙiya, domin baƙar riga a ruwan magariba direban tirela ba ya ganinta. Sannan ban yarda da burmemiyar rigar nan mai kamar mayafi a kan babur ba. Ga mai tafiya a ƙasa ba ta da laifi, iska ma ta fi shiga, amma a babur gefenta yana iya shiga sarƙa ko tayar baya, wannan kuwa ba maganar jiƙewa ba ce.

A ciki ka bar singiletin auduga. Auduga in ta sha gumi riƙe shi take yi ta manne a jiki, in iska ta buge ka sanyi ya kama ka. Rigar ƙwallo ta poliyesta ta fi, tana bushewa kafin ka gama cin abinci. Ka riƙa ajiye ta canji a leda a akwati. Waya ma a leda ko 'yar jakarta, ko da aljihun ya rantse maka.

Yadda ake duba ta a kasuwa

In gwanjo za ka, Katangowa da Yaba da Aswani ranar Talata duk ana samu, kuma sammako ya fi, lokacin da ake fasa dila. Ka tafi da fiya wata ɗaya a aljihu. Da ka ɗauki riga ka fara juya ta ciki waje kafin ka kalli sunanta. Ka shinshina, wari mai tsami alama ce shafe ya fara ruɓewa. Ka murza cikin wuya da kafaɗa da babban yatsa, in ya yi danƙo ko ya bar maka gari, ajiye. Ka bi tef ɗin ɗinki da farce daga wuya zuwa hamata, ka ga ko bakinsa ya ɗaga, ko ya yi rawaya ya bushe yana karyewa. Ka tabbatar kowane ɗinki yana da shi, don wasu a kafaɗa da hula kawai ake sawa. Inda aka yi wa suna ado da zare a ƙirji, ka duba bayansa: ta gaske an rufe shi da tef, jabu za ka ga zaren tsirara. Ka ɗaga ta saitin rana ka leƙa, ƙananan huji da wuraren da shafe ya sire za su nuna haske. Kumbura-kumbura a jikin yadi kuma alama ce hawan ya fara rabuwa.

In ta tsallake wannan, ka nemi izinin mai kaya, ka lotsa kafaɗar ta zama 'yar kwarya yadda ɗinki zai kasance a tsakiya, ka zuba ruwan, ka tattare bakin ka matse da hannu, ɗayan hannun yana ƙasa. Minti ɗaya ya isa. Mai kayan kirki ba ya hana wannan gwajin.

Farashi yana bin dala, abin da zan faɗa yau gobe ya tashi. Lissafin da za ka yi shi ne ka haɗa kuɗin ukun da ka kashe, ka ga abin da kowace damina ta ci maka, ka gwada da na saiti ɗaya mai kauri. Ka saya a Janairu ko Fabrairu, kafin ruwan farko ya tashi kasuwar.

Kula da ita, da inda ƙarfinta ya tsaya

Da ka dawo gida ka ɗauraye ta da ruwa zalla, ka juya ta, ka rataye a inuwa inda iska ke ratsawa. Rana tana busar da roba ta tsage, naɗewa da jiƙo kuma ka riga ka ga aikinsa. In ta yi datti, sabulu mai laushi kaɗan da soso, ban da omo mai ƙarfi, ban da haifo, ban da burushi. Fetur da baƙin mai suna cin shafe, in sun taɓa ta ka goge nan take. Mai hawa uku tana son wanki akai-akai saboda datti da man jiki suna toshe ta, in ta bushe kuma a ɗora ƙyalle a bi ta da dutsen guga mai ɗumi kaɗan, shafen wajen yakan farfaɗo. Kada dutsen guga ya kusanci mai PVC. In ta huje kada ka kai wa telan kaya ya bi da keke, huji zai ƙara mata. PVC faci ake yi mata da ƙyallen irinta da gam ɗin tampol, ta ciki da ta waje, a danne da nauyi ta kwana.

Duk bayanin nan na ƙasa mai zafi da laima ne, na mai zama a kan babur. Mai gadi da ke tsaye wuri ɗaya doguwar PVC har ƙasan gwiwa ta fi masa. 'Yan dako da masu baro a Mile 12 kuwa, aikin ƙarfi suke yi, duk abin da suka rufe jiki da shi za su jiƙe da gumi, su sakakkiya mai faɗi ta fi dacewa da su. Wanda zai je Jos ko Mambila, inda ake ruwa da sanyi, a can ne Gore-Tex take biyan kuɗinta. Kuma babu rigar da za ta fitar da kai a bushe ƙayau bayan wuni guda a ruwan Yuni, abin da ake nema shi ne ka koma gida da danshi maimakon sharkaf. In titin Lekki ya cika har ruwa ya rufe bakin kwata, wannan ya wuce aikin riga da wando. Ba ka ganin rami, ba ka ganin inda aka cire murfin kwalbati, ruwan kuma yana iya shiga injin. Ka nemi tudu ka kashe babur, ka kira mai saƙon ka gaya masa halin da hanya take ciki.